Ku Matsa Kaɗan

Goron da dangin Abdulmajeed suka kawo ko awa ɗaya bai yi a cikin gidan ba. Da Nazeefa ta dawo daga ƙaramin asibitin da take aikin jinya a Kuje, a bakin ƙofa ta tarar da kwandon, an rufe shi da buhu an danne da dutse saboda awaki.

Kaka Yelwa, mahaifiyar babanta marigayi, ita ta fitar da shi da hannunta. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, ranar ita kaɗai ta ciccibi kwando ta aza a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi, ta kai waje ta dire. Baƙin da suka taso tun daga Jiwa ko ruwa ba a ba su ba. Su ma zuciya ta ɗebe su, suka ce goron neman aure ba zai koma gida a hannunsu ba, suka shiga mota suka bar shi nan.

A bayan ɗaki Nazeefa ta same ta tana ginin tukunya, hannu duk yumɓu.

"Kaka, me suka yi miki?"

"Sunan kakan yaron na tambaya," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Suka ce Ɗangoggo. Jikan mutumin nan ba zai sha ruwa a gidana ba, balle ya ɗauki mace."

Nazeefa ta nemi bango ta jingina. Shekara biyu suna tare ba ta taɓa tambayarsa sunan kakansa ba, wace budurwa ce take tambayar wannan? Amma sunan Ɗangoggo babu yaron garin da bai san shi ba, don da shi ake zagin maƙaryaci.

Allon da ke bakin titi Sabon Bazhigo ya ce. Amma je ka tasha ka ce Sabon Bazhigo za ka, kwandasta zai tsaya yana kallonka. Matsa kowa ya sani, kuma sunan daga bakin mutum ɗaya ya fito.

Tsohon Bazhigo a bakin kogi yake, gida talatin da 'yan kai. Suna da fadamar doya, suna da kifi, ga ramin yumɓun da tukwanensa ke kaiwa har kasuwar Suleja. Kowace damina kogin yakan cika ya shigo musu har tsakar gida, su kwashi tabarmi da tukunyar miya su hau tudu, bayan sati biyu ko uku ya janye su sauko su kwashe laka. Tun zamanin kakanni haka suke zama da shi, ba wanda ya taɓa kiran abin ƙaura.

Shekara arba'in da huɗu da suka wuce wani jami'i ya zo da taswira da 'yan sanda biyu, ya ce a tara gari, za a datse kogin a ba sabon birni ruwa. Shi Turanci kawai yake ji. Mazan Bazhigo suna da Hausarsu ta kasuwa, Turanci kuwa ko zo in kashe ka ba su sani ba. Sai aka kira Ɗangoggo, Bahaushe mai sayen busasshen kifi, tsohon sojan da ya tsinci Turanci a bariki, shekararsa tara a cikinsu. Jami'i ya yi ta zuba yana nuna taswira har gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gama, Ɗangoggo ya juyo ya dubi jama'a.

"An ce ruwa zai zo. Ku matsa kaɗan."

Mutane har dariya suka yi. Wannan ne sai an taso daga birni da 'yan sanda? Suka hau motocin da aka turo da guzurin sati uku. Suka bar dutsen niƙa, suka bar irin doya a rumbu, wasu har ƙofa suka ɗaure da igiya kada dabbobi su shiga kafin su dawo. Yelwa, amaryar Yamusa ɗan dagaci, ta bar abin da ya fi duk wannan. Kwana tara ke nan da aka binne ɗanta na fari, Tukura, a bayan ɗakinta yadda ake yi a lokacin. Ta kife masa 'yar tukunya a kan kabarin ta ce masa tana dawowa.

Ruwa ya zo. Har yau bai janye ba.

Inda aka sauke su tudun jar tsakuwa ne, ɗakunan kwano a jere kowanne da lamba. Doya ta ƙi, yumɓun wurin kuwa a gasa tukunya goma a samu huɗu. Abin da ya fi ƙona rai shi ne bututun. Ƙaton bututu ne ya ratsa ta gefen garin ya nufi birni, in ka kara kunne kana jin ruwan Bazhigo yana gudu a ciki, za shi wanke motoci da ban ruwan fulawa. Mutanen da aka karɓe wa kogi kuwa ko famfo ɗaya ba a yi musu ba. Shekara arba'in da huɗu mata suna bin kwari da jarka.

Da mutane suka gane babu komawa, da duwatsu suka raka Ɗangoggo. Ita kuwa Kaka sai ta kori kalmar kanta daga gidanta. A gidan nan ba a cewa matsa, gusa ake cewa, yaron da ya manta ya sha muciya. Sunan garin ma ba ta taɓa faɗa ba.

Ga kuma inda abin yake ba Nazeefa haushi. Shekara uku ke nan wani direban tankar ruwa, in ya gama raba wa gidajen Gwarinpa, yakan biyo da abin da ya rage ya tsaya a gindin bututun ya ce mata su kawo jarkoki, ko kwabo ba ya karɓa. Wannan direban shi ne Abdulmajeed. Ruwansa Kaka take sha, da shi take kwaɓa yumɓu, kullum tana sa wa yaron tanka albarka. Yau kuwa bayan ta kori baƙi, randa biyu na ruwan tankarsa ta tuntsurar a tsakar gida, kaji suna ta tsalle a cikin laka.

Baba Meshach, ƙanen mahaifinta, bai jira ta share hawaye ba. Shi ne babba a gidan yanzu, kuma tuni zuciyarsa tana wajen Nuraddeen, wani ma'aikacin ma'aikatar tarayya da uwarsa 'yar Bazhigo ce, wanda shi ma yake neman auren Nazeefa. Wata takwas da suka wuce Nuraddeen ya turo masu awo suka kafa fegi ja daidai ƙofar gidansu, wai nan za a haƙa wa gari rijiyar burtsatse. Fegin yana nan har ciyawa ta kewaye shi. Duk wanda ya tambayi Nuraddeen yaushe injin zai zo, sai ya gyara zaman gilashi ya ce bayan biki.

"Nazeefa, ke ba yaro ba ne," in ji Baba Meshach da Hausarsa ta Abuja. "Oga Nuraddeen ya kira, Saturday mutanensa yana zuwa. Borehole ɗin nan ba naki kaɗai ba ne, na gari ne. Ki duba matan nan."

Ai kuwa matan ba su jira a duba su ba. Kafin magariba uku sun shigo, kowacce da sallamarta mai daɗi da maganarta mai ɗaci. Ɗaya ta nuna mata kantar da ɗaukar ruwa ta yi mata a kafaɗa, ta ce ke kaɗai za ki hana gari sha? Nazeefa ta cika ta yi fam. An karɓe kogi ba a tambaye ta ba, an hana famfo ba a tambaye ta ba, amma yau ita ce za ta zama rijiya.

Washegari da hantsi ta tare tankar a gindin bututu kafin mata su taru. Abdulmajeed ya sauko, dogo baƙi mai sanyin magana, idanunsa sun nuna shi ma bai runtsa ba.

"Ka san ko ni 'yar wane gida ce tun ranar farko?"

"Na sani."

"Ka bar ni na so ka." Ta matso kusa da shi. "Ka bar ni ina yabonka a gaban Kaka, ka bar tsohuwa tana sa maka albarka. Abdul, ruwan nan da kake kawowa, tausayi ne ko kaffara?"

Ya ce da farko kakansa ne ya sa shi. Ranar da ya samu aikin tanka tsohon ya kira shi ya ce duk ranar da ruwa ya rage kada ya kuskura ya zubar, ya kai Bazhigo. Daga baya kuma ya ga wata mai farin kayan jinya a layi tana masifa wai an tsallake wata tsohuwa, tun daga ranar ya fara rage ruwan da gangan.

Da a wata rana ce, da wannan maganar ta sa ta murmushi. Yau sai ta ƙara tunzura ta.

"Kakanka ya faɗi kalmar nan ko sharri aka yi masa?"

"Ya faɗa."

"Bai ji Turancin ba ne?"

"Ya ji sarai."

"To me ya sa? Me mutanenmu suka yi masa? Shekara tara yana cin abincinsu. Ka san akwai kabarin yayan babana a ƙarƙashin ruwan nan da kake ɗiba?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan tiyon da ke hannunsa. Ya ce ya san dalili, amma ba shi da izinin faɗa, ko da hakan zai raba su.

"Ba ka da izini," ta maimaita tana kuka. "Jibi za a karɓi gaisuwar wani a kaina, kai kana tsaye kana jiran izini. To ni zan je in karɓo. Ka kai ni Jiwa yanzu."

A wani ɗan zaure suka sami Ɗangoggo, tsoho tukuf, idanu sun tafi, rediyo a kan cinya. Nazeefa ta zo da shirin ganin mugu, sai ta tarar da ƙashi da fata. Ta durƙusa ta gaishe shi a daƙile. Tana rufe baki ya kashe rediyon.

"Wannan muryar Yelwa ce," ya ce. "Wace ce ke a wajenta?"

Ta gaya masa, ta kuma gaya masa abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba. Daga nan ya ce ya rantse wa mutum, mutumin kuma ya mutu bai warware shi ba. Nazeefa ta ce to shi ke nan, ya riƙe rantsuwarsa, ranar Asabar jikansa zai biya masa. Maganar ta doke shi. Ya laluba ya kamo hannun Abdulmajeed, sai ga tsohon ya fusata, muryarsa ta tashi.

"An jefe ni. Ga tabon nan a ƙeyata. 'Ya'yana sun tashi ana ce musu 'ya'yan Matsa a kowace kasuwa, na haɗiye. Yanzu kuma har jika? A'a. Yamusa ya yafe mini, na gaji."

Ya ce jami'in bai ɓoye komai ba, cewa ya yi su tashi har abada, garin zai nutse. Shi kuma ya buɗe baki zai faɗa ke nan sai ya ji an damƙe masa hannun riga ta baya. Yamusa ne, kakanta, amininsa. Yamusa yana zuwa birni kai doya, ya riga ya ji komai tun kafin jami'in ya zo, ya kuma ga yadda katafila ta yi da wani ƙauye da suka ce ba za su tashi ba.

"A kunne ya gaya mini. Ya ce, Ɗangoggo, kada ka ce tashi. In ka ce tashi, matata za ta kwanta a kan kabarin nan, ba mai ɗaga ta, ruwa ya same ta a wurin. Ga ciki wata biyar. Ka ce su matsa, in an kwana biyu ni zan tara su in faɗi gaskiya."

Nazeefa ta yi lissafi. Cikin wata biyar ɗin nan babanta ne.

"Bai tara su ba," in ji tsohon. "Ranar da ake jifata yana tsaye a bayan mutane. Shi dai bai ɗauki dutse ba, wannan na shaide shi. Bayan shekara ya zo nan ya yi kuka, ya ce in ƙara masa lokaci. Na ƙara masa har ya mutu."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Kakanta Yamusa da hotonsa ke rataye a ɗakin Kaka, wanda ake ba yara labarin gaskiyarsa. Da za ta tafi tsohon ya ce ga maganar nan ya ba ta, ta yi yadda ta so da ita. Amma ta sani, ranar da ta faɗa, ta kashe wa Yelwa miji karo na biyu.

Ranar Juma'a sau uku tana zuwa ƙofar ɗakin Kaka tana juyowa. Ta ga tsohuwar tana goge hoton da bakin zanenta, ta koma ta kifa kai a filo. In ta yi shiru ta rasa Abdulmajeed, in ta yi magana ta rasa Kaka. Kwandon goro kuwa yana nan a bakin ƙofa, an rasa mai taɓa shi.

Asabar da safe Baba Meshach ya sa aka share tsakar gida aka shimfiɗa babbar tabarma. Ƙarfe goma motoci biyu suka tsaya kusa da fegin. Dattawa shida suka shigo, a gabansu Ebenezer, kawun Nuraddeen, suka cika tabarmar har gefe. Mata suka yi cincirindo a bakin ƙofa. Aka aika a kira Kaka ta zo ta sa albarka.

Nazeefa ta riga ɗan aiken. Ta shiga ɗakin ta turo ƙofa, ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Kin je Jiwa," in ji Kaka. "An ga kin hau tanka."

"Na je."

"Yana da rai ashe."

"Yana da rai, Kaka. Ya makance. Ya gaya mini wanda ya riƙe masa hannun riga."

Ta faɗa ta rufe ido, tana jiran ihu ko faɗuwa. Ba ta ji ko ɗaya ba. Da ta buɗe ido Kaka tana zaune yadda take, tana kallon hoton.

"Kwana uku kafin ya rasu ya gaya mini," ta ce a hankali.

Nazeefa ta ɗauka kunnenta ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yamusa.

"Kin sani?" Ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi a kan Kaka ba. "Shekara goma sha ɗaya kin sani, kina ji ana zagin yara da sunan mutumin nan? Kin sani kika fitar da goronsa waje kamar shara? Kwana biyu ina haɗiye maganar nan don kada zuciyarki ta buga, ashe ni ce kaɗai ban sani ba. Kaka, ba don kalmar nan ba da babu babana, da babu ni. Bawan Allah ya ɗauki duwatsu a kanki, ke kuma ki hana jikansa ruwa?"

"Rufe mini baki."

"Ba zan rufe ba. An cuce ku, wallahi an cuce ku. Amma waɗanda suka cuce ku suna can suna wanka da ruwanku, ko sunanku ba su sani ba. Ku kuma kun samu makaho kun sauke masa. Yau kuma ni za a ɗauka a ba mai fegi."

Sai ga Kaka Yelwa tana kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

"Na ce wa yaron ina dawowa," ta ce. "Ko zanen goyonsa ban ɗauko ba. Da an gaya mini gaskiya da ko ƙasar kabarin na ɗebo a tukunya. Wani ya hana ni, Nazeefa. Shekara talatin da uku na san wanda zan tsine wa in na tashi da safe. Rana ɗaya mutum yana kwance yana mutuwa ya ce mini shi ne. To in na saki Ɗangoggo, wa zan kama? Uban 'ya'yana? Wanda na wanke wa ƙafa har ya cika?"

Nazeefa ta koma ta durƙusa, fushin yana nan amma ya rasa inda zai sauka. Ta riƙe hannun tsohuwar mai kaushin yumɓu. Ta ce ba ta ce a tona wa mamaci asiri ba, ba ta ce a tara gari ba. Ita dai kada a binne ta da ranta a kan laifin da Kaka ta san ba na gidan su Abdulmajeed ba ne.

A daidai lokacin ƙarar tanka ta cika unguwar, ta zo ta tsaya a ƙofar gida.

Hayaniyar mata ta ɗauke ɗif. Nazeefa ta leƙa ta taga, ta ga Abdulmajeed yana riƙe da hannun tsoho, suna takowa a hankali. Tsofaffin cikin matan sun gane shi, wata ta dafe ƙirji, wata ta tofar da yawu. Baba Meshach ya taso da sauri yana cewa wa ya gayyace su, su fita kafin ya tara musu samari.

Ɗangoggo ya tsaya a tsakiyar gidan, ya dogara sandarsa.

"Ba roƙo na zo ba," ya ce. "An ce gorona kwana uku yana waje rana tana dukansa. Na zo in ɗauki abina da hannuna. In kuma akwai sauran dutse, ga ni, yanzu ba na iya gudu."

Ba wanda ya motsa. Tafiyar ta fi ƙarfin tsohon, kuma duk gidan babu wurin zama sai tabarmar da dangin Nuraddeen suka cika.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Kaka Yelwa ta fito tana dafe da kafaɗar Nazeefa, idanunta jawur. Ta daɗe tana kallon mutumin da rabonta da shi tun yana da baƙin gashi. Ta dubi fegin da ake hangowa ta ƙofa, ta dubi matan da ke tsaye da kantar ruwa a kafaɗunsu, suna jiran ta ce a kore shi. Nazeefa tana jin yatsun tsohuwar suna nutsewa a namanta.

Sannan Kaka ta juya wajen masu tabarma.

"Ku matsa," ta ce.

Wata mata ta saki salati. Baba Meshach, da ya sha muciya a kan kalmar nan tun yana ɗan shekara biyar, ya tsaya baki buɗe. Baƙin da ba 'yan gari ba suka fara jan jiki suna murmushi, su a ganinsu tsohuwa tana nema wa makaho wurin zama ne. Ebenezer kaɗai bai motsa ba.

"Mama," ya ce, "mu matsa zuwa ina?"

"Kaɗan," in ji Kaka.

Ebenezer yana ɗan shekara tara aka ɗora shi a motar barin Bazhigo da guzurin sati uku. Bai sake tambaya ba. Ya ɗauki hularsa, ya sunkuya yana neman takalminsa.